Numfashin Ɗan Fari

Tasa ta daki turmi, ƙararta ta cika gidan. Kaji suka watse. Yaron da ke barci a gindin rumbu ya zabura, ya ja iska da wani irin sauti kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya yi tari, sannan ya gyara kwanciya ya koma barcinsa.

"Wai ke man shanu ne a hannunki?" in ji Iya Mairama, tana ci gaba da kaɗin audugarta. Ba ƙarar ta ji ba, don kunnenta ya daɗe da yin nauyi. Tasar ta gani ta gangaro har gabanta. "Kwanonin gidan ga duk kin lotsa su."

"Ki yi haƙuri, Iya," in ji Luba, matar ɗanta.

Tasar kuwa ba suɓucewa ta yi ba. Luba jefa ta ta yi da gangan.

Yaron Ummaru ne, ɗanta na fari, shekararsa shida. Tun ranar da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin Iya, kamar yadda ake yi a Kaikai da duk ƙasar Kusada. Ɗan fari na kaka ne. Wadda ta haife shi ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci ko bai ci ba. Luba ta riƙe wannan kunya har matan unguwa suna kafa wa amare misali da ita. Shi kansa Ummaru Yaya yake ce mata.

Amma tana kallonsa ta gefen ido, kuma ita kaɗai ta san abin da take gani. Da ya kwanta sai minshari ya tashi, irin na ƙaton namiji. Ya yi ta yi, ya yi ta yi, sai ɗif, ya yanke. Ƙirjinsa yana ta faman ɗagawa yana lotsawa, bakinsa a buɗe, wuyansa a miƙe baya, amma babu iskar da ke shiga. Leɓɓansa su canja launi. A nan ne Luba za ta saki tasa, ko ta buga taɓarya a ƙasa, ko ta kori akuyar da ba ta yi mata komai ba, har sai ta ji ya ja numfashi.

Da rana ke nan. Da dare yana bayan Iya, ita kuwa Iya ko tsawa aka yi sai an gaya mata.

Yaron ba ya girma. Kullum a gajiye yake tashi, tabarmarsa a jiƙe. A makarantar allo ta kakansa, Malam Shehu, da ke zauren gidan, yakan kifa kai a kan allon ya yi barci, sai dorina ta tashe shi. An kira wanzami ya cire masa beli, an yi masa rubutu ya sha, an yi hayaƙi. Minsharin bai ragu ba. Iya ta ce gado ne, haka kakansa yake yi tun tana amarya. Uban yaron, Nata'ala, yana Kaduna wajen aikin gini tun da kuɗin man fetur suka kwashe samarin gari, sai da salla ake ganinsa.

Sau ɗaya Luba ta gwada magana. Ta durƙusa kusa da Iya ta ce a hankali, "Iya, ɗan nan naki yana ɗauke numfashi in yana barci."

"Mi kika ce?"

Ta ɗan ɗaga murya. Iya ta kai hannu kunne. Kafin Iya ta ji sai ta yi ihun da zai kai zaure, inda Malam ke zaune da baƙinsa. Luba ta haɗiye maganar.

Sa'a, matar wan mijinta, tana bakin murhu, ta ji komai. Ta tafa hannu tana dariya. "Lale! Yau Luba ta tuna ta taɓa haihuwa. Jama'a ku zo ku ga ikon Allah!"

"Don girman Allah ki rufa mini asiri," in ji Luba, ta ja ta bayan ɗaki. Sa'a ta ga idonta sai dariyar ta tsaya.

"Ke, da gaske kike?"

"Mutuwa yake yi yana dawowa, Sa'a. Kullum."

Sa'a ce ta kawo labarin likitan. Wani Ba'indiye ne daga babban asibitin Katsina, yakan zo Kankiya ranar kasuwa lokaci-lokaci ya duba yara, wanda ya ga abin nasa ya yi tsanani ya sa a kai shi can. Suka shirya dabara. Luba ta ce jikin Kubura, jaririyar da ke bayanta, da zafi. Ita kuwa Sa'a ta je ta kwarma wa Iya a kunne, kamar ita ce ta yi tunanin: tun da za a je, a tafi da Ummaru a duba masa hancin nan da ba ya bushewa. Iya da ma ta kwana biyu ba ta ga kasuwar Kankiya ba, ta amince nan take. Abin da ba su lissafa da shi ba shi ne Malam. Ya ce mata ba su tafiya su kaɗai, da kansa zai raka su.

Suka shiga a-kori-kura da sassafe, tare da buhunan gero da tumaki. Zafin bazara ya riga su isa. Layi ya miƙe daga bakin ɗakin shan magani har gindin dalbejiya, sai da rana ta take sannan aka kira su.

Likitan ɗan siriri ne mai tabarau, gumi ya jiƙa masa riga. Kusa da shi wata ma'aikaciyar jinya ce mai suna Jamilatu, 'yar birni mai saurin baki, ita ke yi masa tafinta. Ya taɓa Kubura ya ce lafiyarta lau. Ya jawo Ummaru, ya danne masa harshe da ɗan katako, ya haska maƙogwaronsa. Ya daɗe yana dubawa. Ya yi magana da Turanci.

"Ya ce akwai nama biyu a maƙogwaron yaron, sun yi girma ƙwarai," in ji Jamilatu. "Amma yara da yawa haka suke, yana wucewa. Abu ɗaya yake son sani. Wace ce uwar yaron?"

Malam Shehu ya nuna Iya da carbinsa. "Ga ta nan."

Jamilatu ta dubi furfurar Iya, ta ɗan taɓe baki. Mutane na jira a waje. Ta sunkuya ta ɗaga murya. "Inna! Likita ya ce in yaron yana barci, numfashinsa yana ɗaukewa? Yana yin shiru kamar an shaƙe shi, sannan ya zabura?"

"Wa? Ummaru?" Iya ta yi dariya. "Ai wanga in ya kwanta ko gawa albarka. A bayana yake kwana tun yana ɗan mitsitsi. Lahiya lau yake barcinsa."

"Malam fa?"

"Barci dai ya yi masa yawa," in ji Malam. "Shi ne damuwarmu. Lalaci."

Likitan bai gamsu ba. Ya waiwaya ya dubi Luba, wadda ke tsugune a bakin ƙofa, ta ja mayafi har goshi. Ya sake magana.

"Ke fa, baiwar Allah? Ya ce in har yana ɗaukewa, to aiki za a yi masa a Katsina, yau ma zai tafi da sunansa. In ba ya ɗaukewa, magani ya isa. Kin taɓa gani?"

Maganar tana bakin Luba, ta gama haɗa ta tun a mota. Ta ɗago. Malam yana tsaye a kanta, gefen rigarsa kusan yana taɓa kafaɗarta. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa yin magana a gabansa ba, in ban da gaisuwa. Yanzu za ta buɗe baki ta ƙaryata matarsa a gaban baƙo, kuma a kan ɗan fari.

"Ke mece ce tasa?" in ji Jamilatu, ta fara ƙosawa.

"Ni uwar wannan ce," in ji Luba, ta taɓa jaririyar da ke bayanta.

"To, sai mai bi!"

Aka ba su maganin ɗigawa a hanci da ƙwayoyi a ƙunshin takarda. Suka fito.

A tasha suka tarar motar Kusada ba ta cika ba. Iya ta shige kasuwa sayen kanwa da daddawa. Malam ya shimfiɗa buzunsa a inuwar wata rumfa yana jan carbi. Ummaru ya kwanta kusa da ƙafarsa, kafin a ce me barci ya ɗauke shi.

Minsharin ya tashi. Wani ɗan kamasho ya waiwayo yana dariya. "Kai! Malam, wanga jikan naka injin niƙa ya haɗiye?"

Sai ya yanke.

Luba tana zaune nesa kaɗan. Ta duba dama da hagu, babu tasa, babu taɓarya. Ta yi tari. Bai motsa ba. Ƙirjin yana ta ja, haƙarƙarin yana lotsawa, ƙafafunsa suka fara shure ƙasa. Ta jira. Leɓɓan suka yi toka-toka. Wannan karon ya wuce duk wanda ta saba gani.

"Ummaru!"

Ba ta san ta miƙe ba. Ta tsallake buzun Malam, ta fizgo yaron ta girgiza shi. "Ummaru! Ummaru, ka tashi!" Ya ja iska da ƙarfi, ya fashe da kuka. Tasha ta yi tsit. Malam ya saki carbi, yana kallon leɓɓan jikansa.

"Tun yaushe yake haka?" Karo na farko ke nan da ya taɓa yi mata tambaya kai tsaye.

"Ya fi shekara, Baba."

"Ya fi shekara! Kuma aka tambaye ki..." Bai ƙarasa ba. Ya saɓi yaron a kafaɗa, ya manta da buzu da takalma. Suka ratsa 'yan tumatir da 'yan tukwane da gudu, tsoho a gaba, Luba a baya jaririya tana tsalle a gadon bayanta.

Suka tarar da gindin dalbejiya fayau. Jamilatu tana kulle ƙofa.

"Likita ya wuce, ga ƙurar motarsa can. Lafiya?"

Luba ta faɗa mata komai a tsaye, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Jamilatu ta saki makullin ya faɗi.

"Ke ce uwarsa? Ke kika haife shi? Na dube ki na tambaye ki da bakina!"

"Ɗan fari ne," in ji Malam a hankali.

"Ɗan fari ba ya mutuwa ne, Malam? Ku gafarce ni, amma ni abin nan ya ishe ni. Wata ma nan ta zo da nata yana suma, ta ce ɗan maƙwabta ne." Ta sunkuya ta ɗauki makullin, muryarta ta sauko. "Kada ku jira ya dawo, ban san ranar ba. Ku kai shi Katsina da kanku. Kafin nan kada ya kwanta rigingine, a gefe za ku dinga kwantar da shi, a ɗaga masa kai."

"Jibi in Allah ya yarda," in ji Malam.

Da niyya ya faɗa. Amma kafin su kai Kaikai hadari ya haɗo daga gabas, aka kwana ana ruwa, ruwan farko bayan shekarun da fari ya gasa mutane. Gari ya waye kowa yana gona. Malam ya ce a bari a jefa iri a ƙasa, kwana kaɗan ne. Kafin a gama shuka rafin da ke tsakaninsu da babbar hanya ya kawo, direbobi suka daina shigowa. Aka ce a bari ya janye. Ya janye, ciyawa ta taso, aka shiga noman fari. An aika wa Nata'ala saƙo ta bakin wani mai zuwa Kaduna, shiru.

A gida kuwa Malam ya hana a gaya wa Iya abin da ya faru a tasha, don kada hankalinta ya tashi. Ya dai ce likita ya ce a dinga kwantar da yaron a gefe. Ya ajiye dorina. Matan unguwa sun ji labarin kiran suna, wasu suna ce wa Luba "uwar Ummaru" in za ta wuce rijiya, a kwashe da dariya.

Sanyin damina ya kawo mura. Hancin Ummaru ya toshe gaba ɗaya. Ya daina zuwa zaure, ya daina bin yara, daga ɗaki zuwa gindin rumbu sai ya tsaya yana haki. Wata rana da hantsi Luba ta zo wucewa ta ga ƙafarsa ta yi suntum kamar an hura. Ta tsuguna ta danna da yatsa. Ramin ya zauna, bai taso ba.

Ba ta nemi Sa'a ba. Ta nufi zaure kai tsaye, ta durƙusa a gaban Malam da almajiransa.

"Baba, yau za a kai shi. In babu mai zuwa ni zan tafi."

Malam ya shigo ya ga ƙafar. Ya naɗe wandonsa, ya ɗora yaron a wuya, ya ratsa rafin ruwa har ƙugu, Luba tana riƙe da bayan rigarsa, Kubura a goye. A bakin kwalta wata motar gyaɗa ta ɗauke su.

A Katsina likitan ya gane su tun kafin su zauna. Ya dubi Luba, ta ce wa tafintan, wani saurayi mai farin kaya, "Ka gaya masa ni ce uwarsa. Yana ɗaukewa." Likitan ya gyaɗa kai kawai. Ya sa abin sauraro a ƙirjin yaron, ya danna cikinsa, ya danna ƙafa. Ya cire tabarau ya goge.

"Ya ce naman nan shi ke rufe hanyar iska in yaron ya yi barci," in ji tafintan. "Cire shi ba wuya. Amma zuciyar ta daɗe tana wahala, ta gaji, shi ya sa ruwa ya taru a jikinsa. In aka sa shi barcin aiki yanzu ba zai farka ba. Sai an ba shi magani kumburin ya saɓe tukuna."

"Da an kawo shi wancan lokacin fa?" in ji Malam.

Tafintan ya juya zai fassara. Likitan ya ɗaga hannu, ya riga ya gane. Ya mayar da tabarau, ya sunkuya yana rubuta magani.

Aka ba su gado a ɗakin yara. Malam ya koma kwana a masallacin bakin asibiti. A nan babu wanda ya san Luba, babu wanda ya san wane ne na fari. Ta ɗora kan Ummaru a cinyarta, ta ba shi koko a baki, ta goge masa gumi da bakin zanenta. Da minshari ya yanke sai ta taɓa kumatunsa ta kira shi.

"Yaya," ya ce mata wata rana, muryarsa ta hanci, "mi ya sa kike ta kiran sunana? Iya za ta yi maki faɗa."

"Iya ba ta nan."

"Da ba ki iya sunan ba ne?"

Ta yi dariya hawaye na zuba. "Yanzu na koya."

Kumburin ya fara saɓewa. Likitan ya zo zagaye, ya danna ƙafar, ya yi murmushi, ya ce in aka ci gaba haka mako mai zuwa za a yi aikin. Malam ya sayo tsire don murna, Ummaru ya ci yanka ɗaya ya ce ya ƙoshi.

Washegari bayan azahar ya ce barci yake ji. Ya kwanta a gefensa, ta tokare masa baya da filo kamar yadda aka nuna mata. Ya fara minshari, ya yanke, ta tashe shi. Ya koma, ya yanke, ta sake tashinsa. Ya buɗe ido jajur, ya kama yatsanta.

"Yaya, don Allah ki bar ni in yi barci. Kaɗan kawai. Na gaji."

"To, yi barcinka."

Ta zauna tana kallonsa. Minsharin ya tashi a hankali, ya fi na kullum laushi. Ya yanke. Ta ce bari ta ɗan ba shi lokaci, ai yakan dawo da kansa. Ta jira zaburar. Sai ta lura ƙirjin ba ya fama, ba ya ɗagawa, ba ya lotsawa. Ta kira shi. Ta girgiza shi. Ta yi ihun da ya kawo ma'aikatan ɗakin a guje, da likitan a bayansu. Sun daɗe a kansa. Daga baya likitan ya miƙe, ya ja zanen gadon ya rufe masa fuska.

A Katsina aka yi masa sutura. Malam da kansa ya yi masa salla.

A Kaikai aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakin Iya. Mata suka yi ta shigowa daga Bauranya da Kusada, kowace ta durƙusa gaban tsohuwar. "Iya, ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne." In sun fito sai su bi ta bakin murhu, inda Luba ke tuƙa tuwon baƙi, su ce, "Sannu da aiki, Luba." Ita kuma ta ce, "Yawwa, sannunku da zuwa." Sa'a ta zo za ta karɓi muciyar, Luba ta hana ta.

Da la'asar mutane suka ragu. Iya ta taso da kyar, ta dafa bango har bakin murhu. Ta rame a 'yan kwanakin nan, idonta ya faɗa. Ta yi magana da ƙarfi kamar yadda ta saba.

"Luba, na ga bakin mata yana motsi, in na dube su sai su yi shiru. Na matsa wa Sa'a ta ce wai numfashinsa ɗaukewa yake yi. A bayana? Ni ina kwance ina barcina?" Ta kama hannun Luba. "Ke ba ki yi mini ƙarya. Da gaske ne?"

Luba ta dubi hannun da ya raini Ummaru, ya yi masa wanka, ya wanke tabarmarsa kowace safiya ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Ta girgiza kai.

Iya ta daɗe tana duban fuskarta. Sannan ta saki hannun, ta zauna a kan turmi, ta jawo kwanonin da ke gefe tana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, Luba tana kwashe tuwon.